Filin Gwaggo: An Ce Za a Tsallakar da Maigidana Benin

  Gwaggo, ni mace ce daga Kurgu, a ƙaramar hukumar Bagudo. Ƙanwata ce ke rubuta mini wannan takarda, don ni ban yi boko ba. Don Allah a sakaya sunana.

Maigidana haifaffen wani ƙauye ne kusa da Segbana, a Jamhuriyar Benin. Tun yana saurayi ya tsallako wajen dangin mahaifiyarsa a Illo, don ita 'yar can ce aka kai ta aure tsallake, daga baya noman shinkafa ya kawo shi garinmu. Aurenmu ya haura shekara 20, Allah ya ba mu 'ya'ya 6. Ko sa-in-sa bai taɓa yi da kowa ba. Bana sai rigimar iyakar gona ta haɗa shi da wani maƙwabcinmu. Mutumin ya faɗa masa a bainar jama'a cewa shi baƙo ne, kuma sai ya sa 'yan imigireshin sun tsallakar da shi inda ya fito. Tun ranar bai sake zuwa kasuwar Tsamiya ba, balle Lolo. In ya ji ƙarar mota cikin dare sai ya tashi zaune. Takardar da ya mallaka a duniya wani tsohon kati ne na Benin, yana can ƙasan adaka.

Ana cikin haka babban yaron ya gama sakandare, yana son aikin soja. Ya je neman takardar shaidar asali, aka ce masa ubansa ba ɗan ƙasa ba ne, ya tafi can ya nema. Ya dawo ya ƙi cin tuwo, ya dube ni ya ce me ya sa na auri baƙo. Gwaggo, wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo.

Yanzu wani mutum ya ce in ba shi naira dubu 150, zai yi wa uba da ɗa takardu, a rubuta cewa a Ka'oje aka haifi maigidana. Ina da saniya guda da na gada. In sayar? Maigidana bai san da maganar ba. Yayyena maza kuma sun ce in kwashe yara in dawo gida tun abin bai shafe mu ba. Ki ba ni shawara.

'Yata, Allah ya sanyaya miki zuciya. Kafin mu shiga komai, ki bar saniyar nan ta ci ciyawarta. Kada ki sayar. Kada ki ba mutumin nan ko sisi.

Yanzu ki gyara zama, don zan yi miki ɗan faɗa. Kin cika mini takarda da maƙwabci da dillali da yayye, amma maganar da ta fi su nauyi duka kin watsar da ita a tsakiyar layi kamar ruwan wanke-wanke. Kin ce surukarki 'yar Illo ce. To Illo a wace ƙasa take? Ba a ƙaramar hukumarku ta Bagudo ba? 'Yata, in har abin da kika faɗa haka yake, mijin nan naki da ke firgita da ƙarar mota ɗan Najeriya ne tun ranar da aka yanke masa cibiya.

Ba daɗin baki nake miki ba. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 25, ya ce wanda aka haifa a wajen ƙasar nan, matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta hanyar haihuwa. Ɗaya daga cikin iyaye aka ce, ba a ce uba kaɗai ba. Mu ne a al'adarmu muke cewa ɗa na uba ne, har mace kan manta ita ma tana da abin da take gadar wa ɗanta ban da nono. Tsohon katin Benin ɗin nan kuma kada tsoro ya sa ku ƙona shi. Sashe na 28 bai hana wanda yake ɗan Najeriya ta haihuwa riƙe wata ƙasa ba. Wataƙila ma sunan mahaifiyarsa na cikin takardun haihuwarsa na can, kin ga ya zama shaida a gare ku.

Inda gizo ke saƙar shi ne hujja. Jami'in da ke zaune bayan tebur bai san surukarki ba, bai ci goron aurenta ba, takarda yake gani. Saboda haka aikin farko ba a Birnin Kebbi yake ba, a Illo yake. Mijinki ya shirya ya tafi wajen kawunnansa. Wa ya rage a raye cikin waɗanda suka sha nono ɗaya da mahaifiyarsa? Wane gida ne nasu, wace unguwa, wa ke mai unguwa? A samu dattawa biyu ko uku da suka san haihuwarta da aurenta, a kai maganar gaban hakimi, daga nan gaban uban ƙasa, a samo takarda mai hatimi. Sannan kawu ya je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa wance 'yar gidansu ce, wane kuma ɗanta ne. In tsohuwar na da rai, alhamdu lillahi, bakinta ya fi na kowa. Ku gaggauta, don tsofaffi ba sa jiran a gama girbi. Duk dattijon da aka binne a Illo bana, an binne shi da shaidar da ba za a sake samu ba.

Sai yaron, wanda kunyar ɗan fari ta hana ki ambaci sunansa ko a takardar da ba ke kika rubuta ba. Nasa ma ya fi na ubansa sauƙi. A Kurgu aka haife shi, ke kika haife shi, ke kuma 'yar Najeriya ce gaba da baya. Ko da a ce ubansa daga Sin ya zo, sashen nan na 25 ya rufe magana: wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai a 1960, in ɗaya daga iyayensa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Shi kuwa ta wajenki yana da shi, ta wajen kakarsa ta Illo ma yana da shi.

Amma kada in ɓoye miki, takardar shaidar asali wata aba ce daban da zama ɗan ƙasa. Ƙananan hukumomi ke ba da ita, kuma a mafi yawan wurare garin uba suke tambaya, don haka aka saba. Sai dai sabo ba doka ba ne. Sashe na 318 na kundin ya fayyace wanda za a kira ɗan wata jiha: wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Sashe na 42 kuma ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Ke ba za ki iya tsayawa gaban ma'aikaci kina jero masa sassa ba, ni ma ba zan so ki yi ba, don in kika ba shi kunya gaban abokan aikinsa sai ya ƙara taurin kai. Wannan aikin lauya ne. Wasiƙa guda mai kan ofishin lauya takan buɗe ƙofar da kuka da magiya ba su buɗe ba.

Ki zaunar da yaron ki ba shi labarin Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman. Shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP. A watan Janairun 1980, zamanin mulkin Shagari, jami'an shige da fice suka ɗauke shi daga Maiduguri suka kai shi Chadi suka ajiye, wai ubansa ɗan can ne. Lauyoyi suka shigar da ƙara a babbar kotun Maiduguri. Kotu ta duba ta ga mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, ta ce korar haramtacciya ce, ta kuma sa a biya shi diyya. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, ba ta yi nasara ba. Har gobe ɗaliban lauya na karanta wannan shari'ar. To in an iya yi wa babban ɗan majalisa wannan gori, ɗanki ya san ba a kansa aka fara ba, kuma ba ubansa ne ya yi abin kunya ba.

Ka ji ni nan, ɗana. Baƙin cikinka na gane shi. Saurayi ya ɗaura ɗamara, ya yi ta gudun safe yana shirin soja, a tare shi da magana ɗaya a bakin taga, dole ya ji zafi. Amma ka kwashi zafin ka kai wa matar da ba ta da laifi. Mutumin da kake kira baƙo shi ya yi ta tsayuwa cikin ruwan fadama har ka gama sakandare. Ka je ka durƙusa ka ba ta haƙuri, sannan ka zama kai ne mai rakiyar babanka Illo, tunda kai ka iya karatu. Soja kake son zama, to ga aikin farko.

Mu koma kan mai naira dubu 150. Kin san abin da yake son sayar miki? Ƙarya yake son ki saya da kuɗinki, alhali gaskiyarki ta ishe ki. Yau mijinki mutum ne mai haƙƙi wanda bai tara takardu ba. Ran da aka rubuta Ka'oje a matsayin mahaifarsa, ya zama mai laifi, don dokar shige da fice ta 2015 ta tanadi hukunci ga wanda ya yi ƙarya don samun fasfo. Kuma zamanin da ake shafe rubutu da yawu ya wuce. Ana ɗaukar hoton yatsu, bayanin ya shiga kwamfuta, ya bi mutum har kabari, ya bi 'ya'yansa. Sannan ki tuna duk Kurgu an san daga inda ya zo. Maƙwabcin da yau ba shi da komai sai baki, ke da kanki za ki miƙa masa sanda. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Shi kuma dillalin ba zai tafi ba. Bayan wata biyu zai dawo ya ce oga ya canza, a ƙaro dubu 50, kuma ba ki da bakin ƙi, don ya riƙe sirrinki.

To ina za a je? Akwai lauyoyin da aikinsu ke nan, kuma ba sa karɓar kuɗin talaka. Gwamnatin tarayya na da hukumar ba da agajin shari'a, wadda mutane ke kira Ligal Ed. Tun 1976 aka kafa ta, aka sabunta dokarta a 2011, tana da ofis a kowace jiha, har da Birnin Kebbi. An yi ta ne domin wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda tun 2024 yake naira dubu 70 a wata. Suna ba da shawara, suna rubuta wasiƙa, suna tsaya wa mutum a kotu in an tsare shi ko an taka masa haƙƙi. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, ita ma kai mata koke kyauta ne. Akwai ƙungiyar mata lauyoyi, Fida, waɗanda ke aikin sa kai kan abin da ya shafi mata da yara, kuma maganar uwa da aka ce jininta bai isa ya ba ɗanta takarda ba irin tasu ce. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ma reshenta na da masu ɗaukar shari'ar marasa ƙarfi don Allah.

Kada ki ce Gwaggo ta ce da kin isa za a shimfiɗa miki darduma. Lauyoyin kaɗan ne, masu koke sun yi musu yawa. Za a iya ce muku ku dawo mako mai zuwa, ku dawo a ce lauyan yana kotu. Kuɗin mota naku ne, kuɗin takardar rantsuwa a kotu ma naku ne, amma ba kuɗin saniya ba ne, kaji biyu sun biya. Ku shiga ofis da ƙafarku, ku tambayi jami'in da ke karɓar koke. Duk wanda ya tare ku a bakin ƙofa ya ce kawo in shigar muku, ku ce masa Allah ya ba da lada, ku wuce. Ku tafi da kowace takarda da ke gidan, har katin rigakafin yara da sakamakon makarantar babban, a cikin leda. Ku bar kwafi a gida. Kuma ku faɗa wa lauya gaskiya tsirararta, har maganar dillalin. Lauyan da aka ɓoye wa rabin zance a gaban alƙali yake jin sauran, lokacin kuwa ba gyara.

Kin lura ina ta cewa ku, ban ce ke ba. Yau ɗin nan, bayan sallar isha'i, ki faɗa wa mijinki komai. Wace irin ƙauna ce za ki sayar da gadonki a ɓoye ki sayo masa abin da zai kai shi gidan yari? Na san tausayi ne. Kin ga namiji ya karaya, ba ki son ƙara masa. Amma abin da ke cin sa ba tsoron mota kaɗai ba ne. Yana ganin ya zame muku kaya, yana ganin idon ɗansa ya canza. Ki ce masa, Malam, ashe kai ɗan gida ne ta wajen Inna. Ki ga yadda zai ɗago kai.

Yayyenki kuwa ki gaishe su, ki ce Gwaggo ta ce a ji tsoron Allah. Da shinkafarsa ke shiga gidajensu da kaka ba su tuna baƙo ne ba. In da gaske tsoron abin da zai same ki suke yi, ga aiki: su raka ɗanki wajen mai unguwa da hakimi su shaida cewa ɗan 'yar'uwarsu ne, jikan gidansu. Aure mai shekara 20 ba a kwance shi don wani ya ɗaga murya a bakin gona. Ita ma rigimar gonar ku raba ta da wannan. A kai ta gaban hakimi da shaidun da suka san iyaka, in ta gagara a je kotu. Mutumin ya ga hujjarsa ta gona ba ta da ƙwari ne, shi ya sa ya jawo zancen ƙasa.

In kuma, Allah ya kiyaye, wata rana an tare shi a shinge an tafi da shi, ga abin da za ku riƙe. Tun da maganar Lakurawa ta fito fili a ƙarshen 2024, jami'an tsaro a yankin iyaka sun ƙara sa ido, kuma ba a ga laifinsu ba. Kada ya gudu, kada ya yi gardama, kada ya ce a Ka'oje aka haife shi. Ya faɗi sunansa da garinsa da sunan hakiminsa, ya ce mahaifiyarsa 'yar Illo ce. Kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. Ya haddace lambar waya guda a ka, don waya ita ake fara karɓewa. Ke kuma ki san wane kaki ne suka sa, ina suka nufa da shi, ki sanar da hakimi da lauya a ranar, kada ki kwana kina kuka. Sashe na 35 ya ba duk wanda aka tsare, ɗan ƙasa ko baƙo, damar yin shiru har ya ga lauya, kuma a sanar da shi dalilin tsare shi a rubuce cikin awa 24. Sashe na 41 ya ce ba a korar ɗan Najeriya daga Najeriya. Amma a bakin iyaka mota ta fi kotu sauri. Shi ya sa nake son lauya ya san sunanku tun ana zaune lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu na juyo gare ku, masu karatu, musamman mutanen Lolo da Tsamiya da Illo da Kamba da duk mai kwana yana jin kiran sallar wata ƙasa. Wane gida ne a cikinku babu irin wannan? Wannan kakarsa daga Kandi, wancan matarsa daga Malanbil, wancan kuma shanunsa na cin rani a can su yi damina a nan. Da Dandawa da Kyangawa da Busawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawa, duk an cuɗe tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su zauna a Paris a watan Yunin 1898 su raba ƙasar Bargu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Ba wanda ya tambayi kakanninmu. Shi ya sa muke ganin takarda wahalar banza ce, kowa ya san kowa.

Kowa ya san kowa, sai ran da gwamnati ta murtuke fuska. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Hausawa da Yarabawa da aka haifa a zangon Kumasi suka kwaso kaya zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. A Janairun 1983 mu ma muka rama, 'yan Gana kaɗai wajen miliyan 1 suka bar Najeriya, har jakar da suka zuba kaya ta samu suna. A Agustan 2019 an rufe iyakokin ƙasa, kun fi ni sanin yadda kuka ji. Ga Nijar ta fice daga ECOWAS tun Janairun 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutane su yi zirga-zirga kafin a ga abin da hali zai yi. Abin da aka bari yau ana iya hana shi gobe.

Wadda mijinta baƙo ne na gaske, ba uwa ba kaka a Najeriya, ke ma ba a rufe miki ƙofa ba, sai dai taki ta fi nisa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Benin damar shigowa ba biza ya zauna kwana 90. In zama zai yi, sai ya je ofishin shige da fice da takardun ƙasarsa ya nemi katin zama, ya riƙa sabunta shi. Mutane da yawa tsoron ofishin suke, alhali mai kati a aljihu shi ke wuce shinge da ƙafar dama. In yana son zama ɗan ƙasa ɗungurungum, sashe na 27 ya ce sai ya shekara 15 a ƙasar, an shaide shi da halin kirki, gwamnan jiha ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi, sannan takarda ta bi ta ma'aikatar cikin gida zuwa teburin shugaban ƙasa. Wanda aka haifa a waje amma kakansa ko kakarsa 'yan Najeriya ne, sashe na 26 ya ba shi gajeriyar hanya ta rajista.

Sashen nan na 26 kuwa akwai abin haushi a cikinsa. Namijin Najeriya in ya auro baƙuwa, tana iya yin rajista ta zama 'yar ƙasa. Macen Najeriya in ta auri baƙo, ba ta iya ba shi. A watan Maris na 2022 aka kai gyaran gaban majalisar tarayya, 'yan majalisa suka kayar da shi, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Abin da ya rage wa irin wannan miji shi ne izinin zama na musamman da ma'aikatar cikin gida ke ba mijin 'yar Najeriya. Ku tambayi lauya a kansa. Ku maza masu mata daga tsallake kuma, ƙofa a buɗe take amma ba ku shiga, sai kun mutu a bar baiwar Allah da rigimar gado da gorin dangi.

Abu uku kuma. Lambar NIN ana ba ɗan ƙasa, ana ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida, don haka ita kaɗai ba ta raba gardama. Katin zaɓe kuwa na 'yan ƙasa ne zalla. In kai baƙo ne, kada wani ɗan siyasa ya loda ka a mota ya kai ka rajista, ranar tonon asiri ba za ka gan shi ba. Ku mata, kowane jariri a yi masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya tun yana tsumma. Rajistar sabon haihuwa kyauta ce. Kuna iya tara kuɗin ragon suna da turamen atamfa, amma takarda guda ta gagare ku.

Ga wata gajeriya da ta zo daga wajen Zagga.

Gwaggo, yayata ta tafi Umara shekarun baya ba ta dawo ba, ta zauna aikatau a Makka, ta yi aure da wani ɗan garinmu, sun haifi yara 3. Yanzu an kama ta da yaran, suna gidan tarhil. Wani a Jidda ya bugo ya ce a tura kuɗi zai fito da su, har ya samo musu igama. Mahaifiyarmu ta ce a sayar da gona. Ni ne namiji babba a gida.

Ɗana, Allah ya fito da su lafiya. Kada a sayar da gona. Wanda ya shiga tarhil hanyarsa ɗaya ce, jirgi zuwa gida, kuma mai cewa zai fito da ita ta ƙofar baya cinikin hawayenku yake yi. Saudiyya ba ta ba mutum zama ɗan ƙasa don ya daɗe, ba ta ba ɗan baƙo don an haife shi a can. Takan yi afuwa jefi-jefi, kamar ta 2017 da aka ba marasa takarda kwana 90 su fita ba tara, amma afuwar fita ce, ba ta zama ba.

Abin da yakan tsawaita zaman mutum a can shi ne rashin takardar tafiya, musamman yaran da ba a rubuta haihuwarsu ko'ina ba. Ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda shi ke ba da takardar tafiya ta gaggawa, bayan ya tabbatar mutum ɗan Najeriya ne. Yaran 'yan Najeriya ne ta uwa da uba, sashen da na karanta wa 'yar Kurgu ya rufe su. Aikinka shi ne ka nemo kwafin tsohon fasfonta in akwai, da takardar shaidar asalinta, da cikakken sunan kowane yaro da shekarunsa, ka aika wa mijin ya kai ofishin da kansa in yana da halin fita, ko wani ɗan'uwa mai igama ya kai. Ka kuma rubuta koke zuwa hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare da ke Abuja. Lauyoyin agaji na Birnin Kebbi za su taya ka tsara shi.

Kuɗin da kuke shirin tura wa ɗan damfara ku adana shi, za a buƙace shi. Mace ce za ta sauka da kayan jikinta da yara 3 da ba su taɓa ganin damina irin tamu ba, Hausarsu ma rabi Larabci. Ka gyara mata ɗaki, ka nema wa yaran makaranta, ka kuma ja kunnen matan gidanku tun yanzu, kada in ji wadda ta tambaye ta ina tsarabar Makka.